Ido, Wa Ka Raina?

'Yan'uwana mata, kowacce a cikinmu da abin da ranta ya kwanta da tarawa. Wata kwanuka ne, ta jera su a kabad tun daga ƙasa har sama, ranar da ta rasa abin yi ta sauke ta goge ta mayar. Wata atamfa ce, ko ba ta ɗinka ba in dai tana cikin akwati to hankalinta a kwance yake. Wata kuma kaji da tantabaru. Hausawa dai sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. To ni tawa kurar ita ce hoton jirgin ƙasa. Shi nake ɗauka, shi nake tarawa, yau fiye da shekara 25 ke nan. Na san kin riga kin yi dariya, yi abarki, ba ke kika fara ba. Amma in kin gama ki ɗan gyara zama ki ji dalilina, don ina ganin maganar ta shafe ki ko da ba ki taɓa ganin jirgi da idonki ba.

Ni a Sabon Garin Zariya aka haife ni, a gidajen ma'aikatan reluwe. Mahaifinmu ya yi shekara 30 yana aikin jirgi. Ya fara ne da zuba kwal a injin nan mai hayaƙi, daga baya da aka koma na dizal ya zama direba. A gidanmu kukan jirgi ne agogo. Innarmu da jin ya yi kuka daga wajen Kaduna ta san lokacin ɗora tukunya ya yi, in kuma ya makara sai ka ji tana cewa, "Yau dogo ya sha ruwa a hanya." Da daddare Baba kan zauna ya ba mu labarin injin hayaƙi, yadda ake kawo kwal ɗin tun daga Inugu, yadda mutum zai tsaya gaban wuta da shebur daga wannan tasha zuwa waccan har rigarsa ta jiƙe sharkaf, da yadda ake tsayawa a ƙarƙashin tanki a ɗura wa injin ruwa kamar ana shayar da raƙumi.

Da Baba ya rasu muka buɗe akwatinsa muna neman hoton da za mu raba wa 'yan'uwa. Guda biyu kacal muka samu, ɗan ƙaramin da ke jikin katin aikinsa, da wani na ranar Sallah yana zaune a kujerar mai hoto, ga tukunyar fulawar roba a gefensa. Allah sarki! Shekara 30 a kan jirgi amma babu hoto ko ɗaya da ya nuna shi a wurin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Kuma fa masu hoto suna nan birjik a Sabon Gari a lokacin, kuɗin ma bai fi ƙarfinsa ba. Kawai dai babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wurin aiki abin ɗauka ne. Hoto sai an yi wanka an sa sabuwar riga. Jirgi kuwa kullum yana nan, wa zai ɓata kuɗinsa a kan abin da zai sake gani gobe? Shi ne aka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Yanzu ga shi 'ya'yana suna tambayata yaya injin kakansu yake, sai dai in yi ta kwatance da hannu.

Wannan rainin ba gidanmu kaɗai ya ci ba. Ki duba dalar gyaɗa ta Kano. Jirgi ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar sosai a 1912. Turawa sun shimfiɗa dogon ne da fatan za su riƙa kwasar auduga, sai manomanmu suka auna suka ga gyaɗa ta fi musu, don in ba ta yi kasuwa ba a ci ta a gida. Nan da nan gyaɗa ta cika tasha har ta fi ƙarfin taragun da ake da su, daga baya aka shiga jera buhuna ana yin dala da su ana jiran jirgi. Shekara da shekaru mutanen Kano suna wucewa ta gindin dalar nan safe da yamma. Yau babu ko ɗaya, kuma yawancin hotunan da muke nuna wa yaranmu baƙi ne suka ɗauka, ko ma'aikatan gwamnati. Masu abin sun raina shi har ya tafi.

Ita kanta hanyar, da guminmu aka yi ta. Daga Baro aka faro, a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa ke sauke ƙarafan. Hakimai da dagatai aka ɗora wa nauyin kawo mutane daga ƙauyuka, da so da ƙi, suna sara ƙasa da diga suna ɗaukar ta a kwando. Shi ya sa har gobe ake cewa digar jirgi. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya ga aikin da idonsa har ya yi masa waƙa, wadda aka sani da Waƙar Diga. Daga nan hanyar ta yi rassa, ta kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Akwai ma wata 'yar siririyar hanya da ta tashi daga Zariya ta hau Jos a 1914 saboda kuza, aka rufe ta a 1957. Ki tambayi yaran Zariya na yanzu ko sun san an taɓa yin ta, ki ji abin da za su ce miki. Garuruwa nawa ne dogo ya raya, unguwanni nawa ne ake kira Tasha saboda shi, dangi nawa ne aka ƙulla don wani ya sauka a jirgi ya ga wuri ya yi masa ya zauna?

Kyamarata ta farko tsarabar Makka ce. Yayana ne ya kawo mini bayan aurena da kaɗan, 'yar ƙarama mai cin fim ɗin nan na hoto 36. Don biki da suna aka kawo ta. Sai dai gidan da aka kai ni yana kusa da inda titin mota ya tsallaka dogo, in na hau ɗan tudun bayan katangarmu ina hango jirgi tun yana nesa. Duk bikin da aka yi sai in ga hoto uku ko huɗu sun rage a fim, ni kuma ina ɗokin a kai a wanke, sai in ƙarar da su a kan jirgi. Ranar da aka fara kawo mini wankin na ga kan jirgin nan ya fito tsaf, ga mai tsaron hanya da jar tutarsa, ga wani yaro ya toshe kunnuwa, wallahi sai da na ji hawaye ya zo mini. Baba na tuna. Tun daga ranar lissafin ya juye, biki ya koma samun uku ko huɗu, jirgi ya kwashe sauran.

Kada ki ce an bar ni na sha iska. Surukata da ta ga albam ɗin ta juya shi gaba da baya, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ina mutanen suke? Ƙarfe kika biya kuɗi aka wanke miki?" Na ce, "Hajiya, ai shi ma ƙarfen yana tsufa ya mutu." Ta riƙe baki ta ce to Allah ya kyauta. Maƙwabta kuwa har suna suka sa mini, in na wuce sai in ji ana ga matar jirgi nan. Maigida da fari dariya yake yi, yana cewa kishiyarsa dai ba ta da kunya, tun daga nesa take sanar da zuwanta. Amma shi mutum ne mai sauƙin kai, kuma ban taɓa sa ƙafa waje ba da saninsa ba, ban kuma taɓa barin tukunya a wuta don jirgi ba. Da ya ga abin ba shiririta ba ne sai ya zama shi ke kai ni. Ranar da ba ya aiki ya ce, "Uwargida, ɗauko kayan aikinki," mu ɗebi yara mu nufi wata tasha ta ƙauye. Da haka na ga Likoro da Gimi da Ɗangora da Madobi, tashoshin da ke tsakanin Zariya da Kano, waɗanda a da sunansu kawai nake ji a bakin Baba.

Daga baya ne na gane ashe ba ni kaɗai ce mai wannan ciwon ba a duniya. A Ingila, a 1942, wani saurayi ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafi ƙarami wanda babu komai a ciki sai lambobin injinan jirgi. Yara suka yi ta saye, suna tsayawa a tasha, duk injin da suka gani su ja masa layi. Da aka daina aiki da injin hayaƙi a manyan hanyoyinsu a 1968, sai ga shi hotunan da irin waɗannan mutane suka tara sun zama dukiya. A Amurka wani mai hoto, O. Winston Link, ya ga hayaƙi na shirin ƙarewa a ƙasarsu, sai ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin ƙarshe masu aiki da shi daga 1955 zuwa 1960, yana ɗauka da daddare da fitilu masu yawa. Abin da ya burge ni da aikinsa shi ne bai ɗauki jirgi shi kaɗai ba, sai da mutanen da jirgin ke ratsa rayuwarsu, masu hira a ƙofar gida, yara suna wanka a rafi. A 2004 aka buɗe gidan tarihi guda don hotunansa. A Japan kuwa abin har suna gare shi, masu ɗaukar hoton jirgi ana ce musu toritetsu, iyaye mata da suka kamu da son jirgi ta dalilin rakiyar 'ya'yansu ana ce musu mamatetsu. Da na ji wannan na ce ashe matar jirgi tana da dangi, nisa ne kawai ya raba mu.

In kika buɗe albam ɗina kika bi shi shafi-shafi, labari ne za ki karanta wanda ni kaina ban san ina rubuta shi ba. A shafukan farko ga jirgi cike da mutane, ga 'yan talla sun kewaye tagogi da rake da dafaffen ƙwai da gyaɗa da fura, ana miƙa kaya ana jefo kuɗi kafin ya tashi. Ki ƙara gaba sai ki ga taragun sun ragu, 'yan tallan ma sun ragu. Ki ƙara gaba kuma sai ki ga babu jirgin sam. A shekarun nan mutane sun ce mini to yanzu sai ki huta, tunda abin ɗaukar ya ƙare. Ni kuwa a lokacin na fi ɗauka. Na ɗauki tarago ya yi tsatsa ciyawa ta fito ta cikinsa, na ɗauki awaki kwance a tsakiyar dogo, da mata suna shanyar barkono a kan dandamalin tasha, da allon sunan gari wanda rabin haruffansa suka goge. Akwai ɗakin sayar da tikiti da na ɗauka a wata tasha, bayan shekara biyar muka koma ko tubalinsa babu. In ban da ɗan hoton nan nawa, sai ki rantse ba a taɓa gina komai a wurin ba.

Sai a ƙarshen 2012 aka maido da jirgin Legas zuwa Kano bayan gyaran hanya, na sake samun jirgi mai motsi a gaban kyamarata, tsofaffi suka fito suna ɗaga masa hannu kamar ɗan da ya dawo daga doguwar tafiya. A 2016 aka buɗe sabuwar hanya daga Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, na je Rigasa na gan shi, fes da shi kamar ango. A nan ne ɗana ya nuna mini wani abu da ya tsaya mini a rai. Faɗin tsohon dogo, wanda Baba ya yi aiki a kai, ƙafa 3 ne da inci 6. Na sabon kuwa ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. Ma'ana sabon jirgi ba zai taɓa hawa tsohuwar hanya ba, tsohon ma ba zai hau sabuwa ba. Kowanne da tasa hanyar da tasa tashar. Ke da kanki kin san in amarya ta tare a sabon ɗaki, wane ɗaki ne ake mantawa da yaɓensa. Don haka duk abin da ya rage na tsohon dogo, yanzu ne lokacin ɗaukarsa.

Akwai kuma wani amfani da na samu wanda ban nema ba. Mu mata tun muna yara kalma ɗaya ake ta nanata mana, haƙuri. Ranar kai amarya haƙuri, in an yi miki ba daidai ba haƙuri, in kin kai ƙara gida a ce koma ki yi haƙuri. Duk wannan haƙurin wani ne ya ɗora miki. Amma zaman jiran jirgi a gindin bishiya, sa'a biyu ko uku, ba ki san ko zai zo ba, wannan haƙuri ne da na zaɓar wa kaina, kuma daɗinsa daban ne. A wannan zaman babu mai kiran sunana, babu wanki babu wanke-wanke, kunnena yana kan hanya, zuciyata tana hutawa. In ya zo, cikin minti ɗaya ya wuce, ko na samu ko na rasa. In na rasa in dawo wani makon. Na lura ranar da na yi irin wannan fitar nakan koma gida da sakin fuska, abin da zai sa in yi wa yara tsawa sai in ga na yi dariya. Macen da ba ta da wani abu nata na kanta, komai ƙanƙantarsa, ita ce ƙaramar magana ke hana ta barci.

To in abin ya ba ki sha'awa, ga kaɗan daga abin da shekaru suka koya mini. Yanzu an huta da sayen fim, wayar hannunki ta isa. Ki goge idon kyamarar da gefen mayafinki, don maiƙon girki ba ya rabuwa da wayar matar gida. Ki kwantar da wayar a kaikaice tunda jirgi dogo ne. Ki sa rana a bayanki, kuma hasken safe da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana, wanda ke ƙona hoto ya bar ƙarƙashin jirgi baƙi ƙirin. Lokacin hunturu hazo kan rufe nesa, amma in kika dace fitilar jirgi na ratso shi, hoton ya fi na kowane lokaci kyau. Ki danna tun kan jirgin bai iso tsakiya ba, in kika jira ya iso to ya riga ya wuce. Sannan ki yi ƙoƙari a samu wani abu a hoton da zai nuna wurin, ko allon tasha, ko kuka, ko mai rake, don jirgi shi kaɗai ba ya faɗin inda yake.

Wanda ya fi duk waɗannan shi ne ranki. Jirgi ba mota ba ne, ba ya kaucewa, kuma ko direba ya taka birki sai ya ci tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Jikinsa ya fi dogon faɗi, wanda ya tsaya a gefe yana ganin ya tsira sai tarago ya kwashe shi. Baba ya sha faɗa mana babu abin da ke hana direba barci irin ya hango mutum a kan hanya ya san ba yadda zai yi. Kada ki hau dogo don hoto, kada ki bar yaro ya hau, kada ki juya wa jirgi baya kina ɗaukar kanki. Mayafi ma a riƙe shi da kyau saboda iskar wucewarsa. Ko a Japan ɗin da na ambata, masu zaƙewa suna shiga inda aka hana har su jawo tsaikon jirgi sun ɓata wa sauran suna. Kuma tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wanda aka rasa rayuka aka kuma sace mutane da dama, duk mai ɗaga waya a kusa da hanyar jirgi dole a dube shi sau biyu, kuma masu tsaro suna da gaskiya. In kin shiga tasha ki gai da ma'aikata, ki faɗi abin da ya kawo ki, in sun ce a'a ki mayar da wayarki jaka ba gardama. Kada ki ɗauki jami'an tsaro ko wurin bincikensu. Mace 'yar'uwarki kuwa, ko mai talla ce, sai kin tambaye ta, don fuskarta ba taki ba ce.

Na san da yawanku babu dogo a garinku, wasu kuma ba su da halin fita. Ba komai, kowane gida da nasa jirgin. Akwai turmin da kakarki ta bari, wanda injin niƙa ya kusa kora. Akwai rijiyar tsakar gida da ake shirin cikewa, da keken ɗinkin Innarki, da tsohuwar da ke kaɗi da mazari a ƙarshen layinku wadda babu wanda ya koya a wurinta. Akwai mahaifinki a bakin sana'arsa da rigar aikinsa mai datti, ba da babbar rigar Sallah ba. In yana raye, don Allah kada ki jira. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. 'Yan'uwana na wannan yankin, gonaki da hanyoyin da kuka saba gani za su canja kama, ku ɗauka tun ana yi, jikokinku za su so ganin yadda wurin yake kafin jirgi ya zo.

Abu na ƙarshe, kada ki bar hoto a cikin waya kawai. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa da duk abin da ke cikinta. Ki zaɓi masu kyau ki kai a wanke miki, ki juya bayan kowanne ki rubuta wurin da ranar da sunan wanda ke ciki, ki sa a leda ki ajiye a ƙasan akwati inda ɗanshi da gara ba za su kai ba. Wata rana wani yaro da ba ki san shi ba zai buɗe akwatin nan yana neman kakansa. Ki bar masa abin da zai samu.